A-kori-kurar da Ba a Turawa

Tun da kuka fara kawo mini masu sayen tsohon ƙarfe ƙofar gida, suna zagaya motar nan suna ƙwanƙwasa mata jiki, na san lokaci ya yi da zan zauna in gaya muku abin da ke tsakanina da ita. Kun ce ta tsare wuri, kun ce kaji ne kawai ke amfana da ita suna ƙwai a ƙarƙashinta. Na ji. Na kuma san labarin da goggonku Asabe ta yi ta ɗura muku tun kuna ƙanana, wai ubanku ya ci mutuncin yayansa a tsakiyar dajin Falgore saboda ƙarfe. To, Asabe ba ta wurin, tana gidan mijinta a Yako tana ɓarar gyaɗa. Ni ina wurin, kuma ga yadda aka yi.

Ku kun taso kun ga baffanku Alhaji Sale da farin gemu da carbi, kuna tsammani haka Allah ya halicce shi. Ina! Yaya Sale da na sani mutum ne da in ya yi tsawa a tashar Ƙofa sai 'yan kamasho su nemi wurin ɓuya. A wurina ba wa kaɗai ba ne, uba ne. Da mahaifinmu ya rasu, shi ya janye ni daga yawon banza ya ɗora hannuna a kan sitiyari. Shi ya koya mini kuloci, yana zaune a gefena, duk sa'ad da na saki da garaje mota ta zabura sai ya kai mini duka a gwiwa.

"A hankali, Ɗanlami! Ba kunama ka taka ba."

Da haka na zama direba. Yana da manyan motoci biyu na ɗaukar hatsi, ya riƙe ɗaya ya ba ni ɗaya, muna kwaso masara da shinkafa daga Doguwa da Tudun Wada muna kaiwa Kano. Ban taɓa son wani abu a duniya kamar yadda na so aikin nan ba. Sai wata damina taya ta fashe mini a kusa da Kwanar Dangora da kaya cike, ban san abin da ya biyo baya ba sai da na farka a asibiti a Kano, ƙafata ta hagu ta ƙare a ƙasan gwiwa. Ba zan daɗe a nan ba. Abin da nake so ku riƙe shi ne, Yaya Sale ya yi mini duk abin da ɗan'uwa ke yi, ya kwana a barandar asibiti, ya ciyar da gidana, ya sa aka sassaƙa mini ƙafar katako mai maɗaurin fata. Amma ko sau ɗaya bai taɓa duban inda aka yanke ba. In ya shigo sai ya gaishe da fuskata, sannan ya kafe idonsa a bango. Ƙafar katakon ma aiko mini da ita ya yi a cikin buhu.

Da na fara takawa sai na ce a kai ni filin ƙwallo da motar, in gwada. Ku da ba ku yi tuƙi da kuloci ba ba za ku gane ba: tafin ƙafa ne ke jin lokacin da mota ta kama, kamar yadda hannun mai tuwo ke jin tukunya ta yi. Katako ba ya jin komai. Na taka, na saki, mota ta yi tsalle ta mutu. Na sake, ƙafar ta zame ta daki ƙasa. Na yi ta yi har gumi ya jiƙa mini riga, masu kallo suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya don kunya. Washegari Yaya Sale ya sa aka kafa mini tebur da rumfa a bakin tasha, aka jera baƙin mai da man birki da fanbel.

"Ka gode wa Allah da ya bar ka da rai," in ji shi. "Tuƙi kam ya ƙare. Ga sana'a a inuwa, me kake nema kuma?"

Na gode wa Allah, har gobe ina gode masa. Amma teburin nan ya kusa kashe ni. Ina zaune ina jin kukan kowace mota, tun daga nesa na san wace ce, na san wanda ke jan ta, na san inda zai canza giya. Yaran da na koya wa riƙe sitiyari su leƙo ta taga su ce, "Sannu da hutawa, Oga," su tayar mini da hayaƙi su wuce. Damina ta wuce, wata ta zo ta same ni a nan. Na rame, na zama mafaɗaci, in na koma gida ko miya ba ta mini daɗi. Uwarku Hajara ba ta da yawan magana, amma wata rana da na ture kwano sai ta tsaya a kaina.

"Malam, tuwon nan ba shi ya yanke maka ƙafa ba. In akwai abin da zai mayar da kai mutum, ka nemo shi, mu ma mu huta."

Wanda ya kawo mini shi kuwa wani tsohon bakanike ne daga Tudun Wada, Baba Iliya, wanda ya yi shekaru yana gyara wa wani kamfanin aikin ruwa motoci a wajen Tiga. Ya tsaya a teburina sayen man birki, ya dube ni, ya dubi ƙafar, ya ce akwai wata tsohuwar a-kori-kura da kamfanin ya bari da zai tashi, tana hannun wani ɗan kasuwa a Bebeji, ya rasa mai saye. Otomatik ce, wato ita ke canza giyarta da kanta. Ba ta da kuloci ko kaɗan, birki ne da totur kawai, duk ƙafar dama ke yi. Wallahi na ɗauka zolaya yake. A lokacin nan duk yankinmu ba mai jan irinta, in ma an ji labarinta sai a ce motar matan Turawa ce. Ran nan na rufe tebur muka hau ƙaramar bas zuwa Bebeji.

Fara ce a da, amma rana ta mai da ita kalar toka. Na shiga na zauna, na duba ƙasa, na ga wurin kuloci fili fetal. Baba Iliya ya nuna mini sandar giya a jikin sitiyari, ya ce in taka birki in jawo ta ƙasa. Na saki birki, sai ga mota tana tafiya da kanta, lallausan tafiya. Na taɓa totur, na ji ta canza giya a ƙarƙashina ba wanda ya sa ta. Sai da muka fita gari na lura hawaye ne ke sa ba na ganin hanya sosai. Baba Iliya ya yi kamar bai gani ba, ya ce in tsaya a gindin wata ɗorawa, ya buɗe murfin inji ya zaro wata doguwar sandar awo ya kai mini hanci.

"Shinshina. Ka ga man nan ja ne, ba baƙin mai ba ne, kada ka kuskura wani ya zuba maka baƙi. Kullum da safe, in inji ya ɗumama, ka zaro ka duba. Ranar da ka ji yana warin ƙonannen tuwo, ko ya fara duhu, ka zo mu juye. Giyar nan zafi ne maƙiyinta. Kada ka labta mata kaya kamar jaki ka ce za ka hau tudun Doguwa a guje."

Na ce na ji.

"Ba ka ji ba tukuna, ga babbar. Ba a tura ta. Ko duk mutanen Bebeji za su taru su tura, ba za ta tashi ba. Kuma ba a ɗaura mata igiya a ja ta. Injin ne ke zagaya da man cikin giyar. In inji ya mutu aka ja ta a kan tayoyinta, ƙarafan ciki za su yi ta juyawa a bushe, kafin ka yi nisa sun cinye juna. In dole sai an ja, ka shiga ƙasa ka kwance furofela, wannan doguwar sandar da ke kai juyi zuwa tayoyin baya. Ka kiyaye mata waɗannan, za ta binne ni, wataƙila ta binne ka. Ka saɓa, ko ni ba ni da kayan gyaranta."

Na sayar da gonar fadamar da na gada, uwarku ta haɗa da awakinta ba tare da na roƙe ta ba. Da labari ya kai wa Yaya Sale sai ya aiko a kira ni zaurensa. Ban taɓa ganin ransa ya ɓaci haka ba.

"Gonar Baba ka sayar? Ka sayi motar da ba a turawa? Kai Ɗanlami, a ƙasar nan akwai motar da ba a turawa? Wace safiya ce ba mu tura mota ba ni da kai?"

"Yaya, ita kaɗai ce za ta karɓe ni a yadda nake."

Ya yi ta huci. Can ya ce, "To ji nan. Ranar da giyar nan ta mutu, kuma za ta mutu, ba ka da abin gyara ta. Ni zan sa a cire a sa mata mai kuloci irin ta mutane, in ba direba, a riƙa kawo maka abin da ta samo. Kai kuma ka koma teburinka, kada in ƙara jin maganar tuƙi a bakinka har abada. Ka yarda?"

Na ce na yarda. Kun ga ke nan, tun daga ranar rayuwata ta rataya a kan giyar nan. In tana da rai ni direba ne, in ta mutu na koma rumfa ina kallon hanya.

'Yan tasha suka raɗa mata suna Gurguwa, wai ta dace da mai ita. Ban ji haushi ba, ni ma da sunan nake kiranta. Na kama layin ƙauyuka, Yako, Dangora, Tudun Wada har Doguwa, ina ɗaukar masara da rake da barkono, da matan Fulani masu kai nono kasuwa. Fasinja sun sha faɗa da ni. Mutum ya zo da buhu ɗaya tak ya ce in ƙara, in ce ta cika, ya ce ga wuri nan, in ce ba wuri nake dubawa ba. In mun kusa hawa tudu da rana tsaka sai in tsaya a inuwa in bar inji yana aiki a hankali har ta huce, mutane na ta tsaki a baya. Wata dattijuwar Bafillatana, Inna Jumma, wadda ba ta hawa motar kowa sai tawa don ba na girgiza mata nono, ita ke tare mini faɗa.

"Ku ƙyale shi. Mu ma ba ma kora saniya a kan tudu da rana."

Ranar da Asabe ke ba ku labarinta, tsakiyar damina ce. Mun taso daga Doguwa bayan azahar da buhunan ɗanyar masara da mata cike a baya, an yi ruwa da safe, wani hadarin kuma yana haɗowa daga gabas. A cikin dajin Falgore akwai wani kwari da ruwa ya kwanta a kan hanya. Na shiga a hankali, amma ruwan ya fi yadda na zata, muna fitowa inji ya yi tari ya mutu. Na sauka na goge wayoyi, na murza makulli, ta ƙi. Na sake, na sake, sai na ji ƙauri, hayaƙi ya taso daga kik, abin da ke tayar da injin. Ya ƙone. Da mai kuloci ce wannan ba komai ba ne, turawa za a yi ta tashi. Kafin in buɗe baki maza sun diro, sun tattare riguna, sun dafa bayanta. Kun san mutanenmu, ba a roƙonsu turin mota, har wasu masu keke da ke wucewa suka jingine kekunansu suka zo neman lada.

"A tura! Direba, sa a giya ta biyu!"

"Allah ya saka da alheri," na ce, "amma ku sake ta. Wannan ba a tura ta."

Suka dube ni kamar na zagi iyayensu. Wani ya ce tun da yake bai taɓa ganin wanda ya ƙi a taimake shi ba. Muna cikin haka na jiyo kukan babbar mota daga baya, tun kafin ta ɓullo na san ta Yaya Sale ce. Yana gaba kusa da direbansa, da farar babbar riga, daga ɗaurin aure suke a Doguwa. Ya sauko, ya ji abin da ya faru, ya dubi hadari, ya dubi matan. Bai ko dube ni ba ya ce wa direban ya kwaso fasinja da kaya zuwa babbar mota, ya kawo sarƙa.

Ina so ku fahimce ni a nan. Ban taɓa cewa yayana ya yi niyyar kashe mini giya ba, kuma duk wanda ya ce na faɗa ƙarya yake. Mutum ne da ya ja motoci da sarƙa ba iyaka, ba wadda ta taɓa lalacewa a hannunsa. Yamma na yi, ga mata, ga daji da ba a son magariba ta sami mutum a cikinsa, kuma in aka bar mota a nan, gobe ko taya ba za a tarar ba. Shi a ganinsa ceto ya zo yi. Ni kuma ina ganin sarƙar nan na ga teburina.

Direban ya durƙusa zai ɗaura, na dafa kafaɗarsa.

"Dakata. Sai na kwance furofela."

Sai a lokacin Yaya Sale ya juyo. "Wace furofela? Ga ruwa na zuwa, ga dare. Ɗaura, malam."

"Yaya, in aka ja ta haka, kafin Tudun Wada giyar ta ƙone."

"Wannan tatsuniyar Iliya ce. Cire giya ka sa ta a firi kawai. Na ce a ɗaura."

"A'a, Yaya."

Tun da aka haife ni ban taɓa ce masa a'a ba. Har matan da ke hawa babbar mota suka tsaya da ƙwaryarsu a hannu.

"Ni kake ce wa a'a? A gaban mutane?"

"Ka yi haƙuri, Yaya. Ka doke ni in kana so, ba zan ɗaga hannu ba. Amma ba za a ja ta haka ba."

Yayyafi ya fara sauka. Na ɗauko sifanu daga bayan kujera na zauna a ƙasa kusa da taya. Ruwa na gudu a ƙarƙashin motar, ga taɓo, ga wurin a matse. Ƙafar katako ba ta lanƙwasuwa a irin wannan wuri, in kuma ta sha ruwa sai ta kumbura, fatar ta yi ta cin naman mutum har ya kasa ɗaura ta. Na naɗe wando, na kwance maɗauran, na zare ta. Na duba ba busasshen wurin ajiyewa. Sai na miƙa masa.

"Yaya, riƙe mini."

A nan ne Asabe ke cewa na wulaƙanta shi, na mai da Alhaji guda mai riƙon ƙafa a gaban Fulani da 'yan keke. To ku gaya mini, wa zan miƙa wa? Baƙo? Inna Jumma? Ɗan'uwana ne, shi ya sa aka sassaƙa ta. Kuma ba zan ɓoye muku ba, ina so ya gani. Na gaji da yadda yake kallon bango. Ya tsaya, hannuna a miƙe, idonsa ya sauka a kan dungulmin a karo na farko. Ya sa hannu biyu ya karɓa.

Na kwanta rigingine na ja jiki da gwiwar hannu na shige. Ruwan sanyi ya bi ta wuyana ya fita ta ƙugu. Notuna huɗu ne ke riƙe da furofela ta wajen baya, uku suka ba ni haɗin kai, na huɗun tsatsa ta cinye shi. Na ja, sifana ta zame, na fasa yatsu a jikin ƙarfe. Lokacin ruwa ya kece sosai. Ina jin mutane a sama suna cewa a bar mahaukacin nan a tafi, ina jin Inna Jumma tana balbale su da Fillanci. Ban ji muryar Yaya ba. Daga inda nake kwance takalmansa kawai nake gani a cikin taɓo, ba su matsa ko nan da can ba. Na tokare ƙafata ɗaya a jikin taya, na haɗa sifana biyu, na yi bisimilla na ja da duk abin da Allah ya bar mini. Ya yi ƙara ya saki. Na zame furofelar, na ɗaure ta sama da waya, na fito ina taɓo tun daga kai har ƙasa.

Yaya Sale na tsaye inda na bar shi, rawaninsa da rigarsa sun jiƙe sharkaf. Ban ga ƙafar a hannunsa ba. Sai ya buɗe babbar rigar, ashe a ciki ya sa ta, ya rungume ta a ƙirji. Ya miƙo mini ita a bushe, ko ɗigo bai taɓa fatar ba. Ya ture direbansa ya hau babbar motar da kansa, ya ja ni har garejin Baba Iliya a Tudun Wada, a hankali, ko sau ɗaya sarƙar ba ta fizge ni ba. Da muka isa ya sa aka kwance sarƙar, ya wuce ba sallama.

Baba Iliya ya zaro sandar awo ya shinshina, ya miƙo mini. Man ja wur, ba wari. Kik kawai aka naɗe, kwana kaɗan na koma hanya.

Amma na biya. Yaya Sale ya daina zuwa gidana. In na je gaishe shi ranar salla sai ya amsa da "lafiya" ya juya ga wani. Sunan wasunku aka yi bai zo ba, sai dai ya aiko da rago. Teburin nan ya sa aka ba wani. Dangi suka rabu, mafi yawa suna bayansa, Asabe ce mai kai labari gida gida. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, don ina son mutumin nan fiye da yadda zan iya faɗa muku. Uwarku ta sha cewa in je in ce na yi kuskure a wuce wurin. Na je na ba shi haƙuri ba sau ɗaya ba, amma ban ce na yi kuskure ba, don ban yi ba.

Gurguwa kuwa ta yi ta tafiya. Da aka fara shigo da tsofaffin motocin waje ta Kwatano wasu a tasha suka sayi otomatik, wannan ya zuba baƙin mai, wancan ya bari aka ja shi daga Kiru, kafin shekara ta zagayo duk sun cire sun sa kuloci, suna cewa otomatik ba ta da ƙarko. Tawa an yi mata walda ba adadi, an sauke inji an gyara, an canza kujera, amma giyar nan ba a taɓa buɗe ta ba. Ta binne Baba Iliya kamar yadda ya faɗa, a bayanta aka kai shi makwanci. Tuwon da kuka ci da takalman da kuka sa zuwa makaranta, duk daga bayanta suka fito.

Sai ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama Yaya Sale, ɓangaren hagu. Ya tashi, amma ƙafar sai ja, hannun kuma ba ƙarfi. Aka riƙa shimfiɗa masa tabarma a ƙofar zaure. Wata rana na wuce na gan shi zaune, wata babbar mota ta taho, na ga ya karkata kai yana sauraron inda za ta canza giya. Na san wannan zaman, ba wanda ya kai ni saninsa. Da kaka ta yi, wata safiya na tsayar da Gurguwa a ƙofarsa na ce ya zo in kai shi ya ga dawarsa. Ya yi kamar zai ƙi, sannan ya bari aka ɗora shi. Bai taɓa shiga cikinta ba sai ran nan. Da muka bar gari muka hau hanyar gona, ba kowa sai tsuntsaye, na tsaya, na sauka, na zagayo ta ɓangarensa na buɗe ƙofa.

"Yaya, matsa can."

"Ka haukace ne? Da wace ƙafar?"

"Ta dama kawai take so."

Ya daɗe yana kallon sitiyarin. Sannan ya ja jiki a kan kujerar, na taimaka masa da ƙafar hagun. Na nuna masa sandar, ya taka birki ya jawo ta. Yana sakin birki ya danna totur irin na masu manyan motoci, Gurguwa ta zabura. Ban san lokacin da hannuna ya kai gwiwarsa ba.

"A hankali, Yaya! Ba kunama ka taka ba."

Ya fashe da dariya da rabin bakinsa, dariyar da na yi shekaru ban ji ba. Muka miƙe a tsakanin gonaki, dawa na shafar madubi, hannunsa ɗaya a kan sitiyari, ya miƙe zaune kamar da. Da ta canza giya da kanta na ga ya ɗan zabura, ta sake canzawa, sai dariyar ta tsaya, hawaye suka biyo gemu. Ya tuƙa har gindin tsamiyar da ke bakin gonarsa, ya tsaya, bai kashe inji ba.

"Ashe abin da na so in ɗaura wa sarƙa ke nan," in ji shi.

Sai ya juyo ya dubi ƙafata.

"Ɗaga wandon in gani."

Na ɗaga, na kwance maɗauran. Ya sa hannunsa mai lafiya ya dafa wurin, ya daɗe bai ɗauke ba.

"Yana maka ciwo?"

"In damina ta yi."

"Shekara da shekaru ban tambaya ba," ya ce. Sannan ya goge fuska da hannun riga, ya kama sitiyari. "Ɗaura ƙafarka. Ni zan mai da mu gida."

Shi ya mai da mu, kuma har ya bar duniya duk kaka sai mun je ganin dawa.

To kun ji. Muddin ina numfashi Gurguwa na nan inda take, kaji su yi ta ƙwansu. In na tafi, taku ce, ku yi yadda kuka ga dama, ba zan riƙe ku ba. Abu ɗaya na roƙe ku: ranar da masu ƙarfen suka zo da sarƙarsu, ɗayanku ya cire rigarsa mai kyau, ya shiga ƙasa ya kwance furofela kafin a ja ta. Sifanun suna bayan kujera.